Gawo Mai Ganye da Rani

Abin karantawa: Zabura 104:10-28 da Irmiya 17:5-8.

Ya ɗan'uwa manomi, ka san gawo tun kana yaro. Amma ka taɓa tsayawa ka lura da halinsa? Da damina, sa'ad da kowane itace yake kore shar, gawo sai ya kakkaɓe ganyensa ya tsaya kamar busasshe. Baƙo zai ce ya mutu. Da kaka ta zo, ciyawa ta soma bushewa, sai ya toho, ya yi fure, ya yi 'ya'ya. Can cikin bazara, lokacin da daji ya koma ƙura, awaki da tumaki da shanu da raƙuma sukan taru a gindinsa. Su sha inuwa, su ci 'ya'yansa da suka zubo.

Ganyen da ya zubar ma ba asara ba ne, taki ne. Hatsin da ke ƙarƙashinsa yana samun rana, ga ƙasa mai ƙarfi, sai zangarniya ta yi kauri. Mutanen Magarya da Matamai da Miriya sun san wannan sarai. Shi ya sa sarakunan Damagaram na dā suka hana saran gawo, da horo mai tsanani.

Wa ya tsara wannan? Akuya ba ta roƙa ba, ba ta kuwa iya godiya. Duk da haka tun kafin rani ya zo an tanada mata abincinta. Abin da Zabura 104 take koya mana ke nan. Allah yana shayar da jakin jeji, yana ba shamuwa wurin sheƙa, har zaki ma daga hannunsa yake ci. Babu mai rai da ya fita daga lissafinsa.

Wani zai ce, to, ina wannan kulawa take a yunwar 1973 da 1974, da ta 1984, da wahalar 2005? Ba mata ne suka yi ta jiƙa anza kwana da kwanaki don su cire ɗacinta ba? Ba a binne yara ba? Tambaya ce mai nauyi, kada kowa ya tsauta wa mai yinta. Amma akwai abu ɗaya da ya kamata mu yarda da shi. Wani sashi na tanadin Allah mu ne muka sare shi da gatarinmu. Kowace shekara mukan yi sassabe, mu share gona ƙal, mu sa wuta. Manomin da ya bar itace a gonarsa sai a ce rago ne. Iska ta kwashe ƙasa, rairayi ya binne shuka.

A 1983 wani ma'aikacin mishan a Maraɗi, Tony Rinaudo, mutumin Ostireliya, ya lura da 'yan tohon da muke rainawa cikin gonaki. Ashe kututturan itatuwa ne, saiwoyinsu suna nan da rai a ƙasa. Bayan yunwar 1984 manoma suka soma barin toho kaɗan a kan kowane kututture, suna gyara su. Shi ne ake kira sassaben zamani. An ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 suka komo a ƙasar Nijar ta wannan hanya, a fili kamar hekta miliyan 5. Ba a dasa su ba, ba a yi musu ban ruwa ba. Dā ma suna ƙarƙashin ƙafafunmu.

Yanzu ka duba Irmiya 17. Annabi ya kwatanta mutum biyu. Mai dogara ga ɗan adam yana kama da tsiron hamada. Mai dogara ga Ubangiji kuwa yana kama da itacen da saiwarsa ta kai ruwa, shekarar fari ba ta hana shi 'ya'ya. Asirin gawo ke nan. Saiwarsa tana nutsewa can ƙasa inda ruwa yake, inda ido ba ya gani.

Yesu ya ce shi ne abincin da yake ba da rai (Yahaya 6). Amma a gidaje da yawa Littafi Mai Tsarki yana cikin akwati, sai ran Lahadi ake kaɗe masa ƙura. Wane ne yake cin tuwo ran Lahadi kaɗai, sa'an nan ya riƙe hauya kwana shida? Saiwa kuma ba ta yin zurfi a rana ɗaya. In ciwo ya shigo gida, ko rumbu ya ƙare a watan takwas, abin da ka ci na Maganar Allah tun dā shi ne zai riƙe ka. Rashin iya karatu ba hujja ba ne. Ɗanka ɗan makaranta ya karanta, ku ku saurara.

Ka tuna kuma, gawo ba ya cin 'ya'yansa, ba ya tambayar akuyar wa ce ta zo. In maƙwabcinka ya rasa, ko Kirista ne ko Musulmi, ko Bafillace mai wucewa da bisashensa, wataƙila tiyar hatsin da ke rumbunka ita ce tanadin da Allah ya yi masa.

Yau da dare, bayan tuwo, ku tara iyali ku karanta Zabura 104. Ku sa yara su ƙirga dabbobi da tsuntsayen da aka ambata, su faɗi abin da Allah yake ba kowane ɗaya. In lokacin sassabe ya zo, ku tafi gona tare da su, ku nuna musu tohon da za a bari.