Yadda Ake Fatsar Tirawut da Ƙwaron Gashi a Kogunan Ingila

A ƙasar Ingila akwai wani nau'in fatsa wanda ma'abotansa ba sa soka tana a ƙugiya, sai dai su naɗa mata gashin wuyan zakara da zaren siliki har ta ɗauki surar ƙwaron ruwa, da ita kuma suke yaudarar tirawut, kifi mai ɗigon ja da baƙi wanda ba ya zama sai a ruwa mai sanyi garai-garai. Ba lalle ne mutum ya yi doguwar tafiya ba, gama Kogin Itchen ta cikin birnin Winchester ya ratsa, inda aka binne Izaak Walton, shehin masu fatsa, a 1683. Manyan kifayen gari a ƙarƙashin gadoji suke fakewa, sun yi ƙiba da burodin da yara ke jefa wa agwagi, amma fa sun ga ƙugiya iri-iri, saboda haka wayonsu ya ninka na 'yan'uwansu na ƙauye.

Sharaɗi na farko shi ne lasisi daga hukuma, da izinin mai haƙƙin su a wannan gaɓa, sa'an nan a kiyaye lokaci, wato galibi daga Afrilu zuwa ƙarshen Satumba, domin da hunturu suke zuba ƙwai. Kayan aiki kuwa kaɗan ne: sanda mai lanƙwasa kimanin ƙafa 9, da igiya mai kauri, da tsirkiyar roba wadda ke ƙara sirancewa har ta isa ga ƙugiya. Tun da yake ƙwaron ba shi da nauyin a zo a gani, igiyar ce ake jefawa, ita ke ɗauke da shi.

Idan an isa bakin kogi, wajibi ne a tsaya a yi tadabburi kafin a ɗaga sanda, kuma a ganina nan ne rabin sana'ar yake. Kifi kullum yana fuskantar inda ruwa ke fitowa, don haka ta bayansa ake zuwa, a sunkuye, ba tare da inuwar mutum ta faɗa kan ruwa ba. A duba inda da'ira ke buɗewa a fuskar ruwa, alamar ya haɗiyi wani abu, a kuma lura da irin ƙwaron da ke tashi a wannan sa'a, a zaɓi mai kama da shi a girma da launi. Malaman fanni sun yi saɓani a nan: Halford, wanda littafinsa ya fito a 1886, ya tsaya kan ƙwaro mai yawo a bisa ruwa, alhali Skues ya halatta mai nutsewa, da hujjar cewa galibin abincin kifi a ƙarƙashi yake.

Jifa kuwa, ana cilla igiya baya, a dakata har ta miƙe sarai, sa'an nan a turo ta gaba, kamar bulalar makiyayi sai dai ba a so ta yi ƙara. Ƙwaron ya sauka a hankali, kamu ɗaya ko biyu gaba da kifin, ruwa ya kawo masa shi; in igiya ta ja shi ya bar tsagi a bisa ruwa, to, aiki ya ɓaci, kifin zai nutse ya ƙaurace. Idan ya ɗauka, kada a fizga nan take, a bari ya juya kai ƙasa tukuna, kana a ɗaga sanda. In ya zabura a sakar masa igiya, in ya nufi ciyawa ko ginshiƙin gada a karkatar da shi, har ya gaji a tallafe shi da koma.

Al'adar yawancin masunta a yau ita ce a mayar da shi, don haka ake danne kaifin baya na ƙugiya tun da fari. A jiƙa hannu kafin a taɓa shi, kada santsin jikinsa ya goge, a zare ƙugiya yana cikin ruwa, a riƙe shi kansa na fuskantar gudun ruwa har ya kaɗa wutsiya ya tafi da kansa.