Sanyi da Ɗumi a Cikin Mota Mai Aiki da Lantarki

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya zama abin tunani a kowane gida. Mu 'yan makarantar kwana mun fi kowa sanin haka, domin duk ƙarshen hutu sai mun ga yadda iyayenmu ke lissafin kuɗin da zai kai mu makaranta. Wannan ya sa ake ta maganar mota mai aiki da lantarki, wadda ba ta shan mai, sai dai a yi mata caji. Akwai wani gefe na maganar da ban cika jin ana taɓawa ba, ga shi kuwa ya shafe mu mutanen Auyo da Haɗeja ƙwarai. Watau, ina irin wannan mota take samo sanyin da za ta ba fasinja a bazara, da ɗumin da za ta ba shi a hunturu, kuma nawa wannan yake ci daga batirinta?

Motar dai ta riga ta iso ƙasarmu. A 2020 kamfanin Stallion ya fara haɗa Hyundai Kona mai lantarki a Legas. Batirinta yana ɗaukar kilowat-awa 64, kuma a takarda an ce tana yin wajen kilomita 480 da caji guda. A 2021 hukumar gwamnati mai kula da ƙere-ƙeren motoci, a lokacin da Jelani Aliyu ɗan Sakkwato yake shugabancinta, ta buɗe wurin caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A Maiduguri kuma Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin mai daga ƙananan bas-bas yana sa musu batir. Ashe ke nan ba abin mamaki ba ne wata rana mu ga irin su a tashar Haɗeja.

Bari mu fara da motar da muka saba da ita. Injin fetur mai ɓarna ne. Daga cikin ƙarfin da ke cikin man da ya ƙone, abin da ke juya ƙafafun mota bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, sau da yawa ma bai kai ba. Sauran duk zafi ne, yana fita ta salansa da lagireto. Shi ya sa idan direba ya tashi da asuba a watan Janairu, jaura na kaɗawa, ya murɗa hita, kusan a kyauta yake samun ɗumi. Ruwan zafin da ya zagaya inji ne ake bi da shi ta wani ƙaramin lagireto, fanka ta huro iska ta cikinsa zuwa ga fasinja. Zafin da za a zubar ne aka yi amfani da shi.

Mota mai lantarki ba ta da wannan garaɓasa. Injinta yana mai da mafi yawan wutar da aka ba shi tafiya, saboda haka ba ya fid da zafi mai yawa. Abin yabo ne, amma ranar sanyi sai ya zama cikas, domin dole a ɗebi wuta daga batir a yi ɗumi da ita. Hanya mafi sauƙi ita ce irin ta dutsen guga, ko hitar nan ta tafasa ruwa da aka hana mu shiga da ita ɗakin kwana: wuta ta bi ta cikin ƙarfe, ƙarfen ya yi zafi. Irin wannan hita a mota takan ja kilowat 3 zuwa 6 lokacin da aka kunna ta. A 2019 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada motoci 5 masu lantarki. Da sanyi ya kai wajen digiri 7 ƙasa da sifiri aka kunna hita, nisan da suke iya yi ya ragu da kashi 41 cikin 100. Wannan shi ne damuwar mutanen ƙasashe irin su Norwe, inda a 2024 kusan kashi 89 cikin 100 na sababbin motocin da aka sayar masu lantarki ne.

Mu sanyinmu bai kai can ba. Ko a muku-mukun hunturu, lokacin da masunta ke jin tsoron shiga kogi da sassafe, ruwa ba ya daskarewa a Auyo, kuma kafin hantsi rana ta kore shi. Rigar sanyi da rufe gilashi sun isa. Tamu matsalar ita ce zafi, don haka a nan zan daɗe.

Kowa ya san ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi. Dalili kuwa shi ne ruwa yana tsattsafowa ta jikin randar, ya bushe ya bi iska, kuma duk ruwan da zai zama tururi sai ya kwashi zafi ya tafi da shi. Da wannan ilmi ne marigayi Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Dutse, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da yalo, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Iyakwandishan ma haka yake aiki, sai dai ba ruwa yake amfani da shi ba. Wani sinadari ne a cikin bututu, wanda ke zama tururi a ɓangaren cikin mota ya kwashe zafin ɗakin. Sa'an nan kwamfaresa ta matse shi ta tura shi gaban mota, inda zai saki zafin a waje ya koma ruwa-ruwa, ya sake zagayowa. Ashe na'urar kwasar zafi take yi daga ciki tana zubarwa a waje. A motar fetur inji ne ke juya kwamfaresa da bel. A mai lantarki kuwa batir ne.

Masana sun lura cewa idan aka juya wannan zagaye, za a iya kwaso zafi daga waje a shigo da shi ciki. Shi ake kira famfon zafi. Da yake ɗauko zafi yake yi, ba haifar da shi ba, da kilowat guda na wuta yakan ba da ɗumin kilowat 2 ko 3 idan sanyin bai tsananta ba. Nissan Leaf ta 2013 tana cikin na farko da suka zo da shi, Tesla kuma ta sa shi a Model Y a 2020. A ganina wanda zai sayi mota don hanyar Haɗeja bai kamata ya ƙara kuɗi mai yawa saboda famfon zafi ba. Na mutanen ƙanƙara ne.

To, nawa sanyi yake ci? A wancan gwaji na AAA, da zafi ya kai digiri 35 aka kunna iyakwandishan, nisan tafiya ya ragu da kashi 17 cikin 100. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafinmu yakan haura digiri 40, saboda haka sai mu ɗauka asarar za ta fi haka a nan. Ga wani lissafi da na yi, lambobin na misali ne kawai. A ce mota tana cin kilowat-awa 15 a kowace kilomita 100, iyakwandishan kuma yana jan kilowat 2. Idan direba ya kama hanyar Kano yana gudun kilomita 100 a awa, cikin awa guda tafiya ta ci 15, sanyi ya ci 2. Wannan bai kai kashi ɗaya cikin takwas na jimla ba. Amma da ya shiga cunkoson cikin birni, ya yi awa guda bai wuce kilomita 15 ba, tafiya ta ci 2 da ɗan ɗori, sanyi kuma yana nan a 2. Kusan rabin wutar ke nan ta tafi wajen sanyaya mutane. Sanyi da awa yake cin wuta, ba da kilomita ba. Direban tasi na cikin gari zai fi mai dogon zango jin abin a jikinsa.

Kada wannan ya tsorata mu fiye da kima. Batir mai kilowat-awa 64, idan iyakwandishan kaɗai yake ciyarwa, zai yi awa 32 kafin ya ƙare. Kuma motar tana iya tsayawa cik tana ba da sanyi ba hayaƙi ba ƙara, abin da motar fetur ba za ta iya ba sai injinta na aiki yana ƙona mai. Wanda ya taɓa raka marar lafiya daga ƙauye zuwa asibitin Haɗeja da tsakar rana ya san amfanin wannan.

Bas kuwa wani labari ne. Jikin mutum guda a zaune yana fid da zafin da ya kai wajen wat 100. Fasinja 18 ke nan sun tara kusan kilowat 2, ban da ranar da ke dukan rufin ƙarfe, ban da ƙofar da yaron mota ke buɗewa a kowane ƙauye. Tsorona shi ne direba ya ga batir na sauka ya kashe sanyin ya bar mutane a rufe. A irin wannan hali tagar da ke buɗuwa sosai ta fi komai daraja. Sai dai a lura, buɗe taga yana da sauƙi ga batir a tafiyar sannu, amma a babban gudu iska na riƙe mota.

Ba fasinja kaɗai ke neman sanyi ba, har da batirin kansa. Batirin lithiyam ya fi son zafin da bai wuce wajen digiri 35 ba, in ya daɗe a sama da haka yakan tsufa da wuri. A 2012 masu Nissan Leaf a birnin Finiks na jihar Arizona ta Amurka, wuri mai zafi irin namu, sun koka cewa batirinsu yana raguwa tun kafin lokaci, kuma a lokacin wannan mota ba ta da ruwan sanyaya batir. Motoci da yawa yanzu suna zagaya ruwa a jikin batir, wasu ma iyakwandishan ɗin ne ke sanyaya ruwan. Wannan ma wuta yake ci, amma gara a biya shi da a sayi sabon batir, wanda shi ne mafi tsada a duk motar. Da babana zai sayi irin wannan mota, musamman ta hannu da aka shigo da ita daga Turai, tambayar farko da zan roƙe shi ya yi ita ce, da ruwa ake sanyaya batirinta ko kuwa an bar shi ga iska?

Akwai dabarun rage asarar, kuma yawancinsu ba sa cin ko kwabo. Motar da aka rufe a rana cikinta yakan haura digiri 60, abin da ke iya kashe yaron da aka manta a ciki, kuma kwashe wannan zafi na farko shi ne aiki mafi nauyi ga na'urar. Ajiye ta ƙarƙashin darbejiya, ko buɗe ƙofofi na ɗan lokaci kafin a tashi, yana rage shi. Farar mota ta fi baƙa. Idan tana jone da caji, ana iya kunna sanyin tun kafin a cire waya, don wutar gida ko ta hasken rana ta yi aikin, a tashi da cikakken batir. Da ciki ya yi sanyi sai a danna maɓallin da ke zagaya iskar ciki, a daina jawo mai zafi daga waje.

Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska da raga-ragar gaban mota, na'urar ta yi ta wahala tana cin wuta a banza, don haka sai an riƙa kaɗewa. Da damina kuma, lokacin da kogin Haɗeja ya cika, fadama ta jiƙe, iska ta yi nauyi da laima, gilashi yakan yi hazo ta ciki. Iyakwandishan ne ke tsotse wannan laima, shi ne ruwan da ake gani yana ɗiga ƙarƙashin mota. Direban da ya kashe shi a irin wannan rana don tattalin batir, da ƙyar zai ga shanun da ke tsallaka titi a gabansa.