Dakatar da Saƙonnin Neman Ra'ayi a Manhajar Windows: Darasi ga Masu Bincike

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi ƙananan saƙonnin da manhajar Windows kan cillo kan fuskar kwamfuta tana neman ra'ayin mai amfani da ita. An bayyana asalinsu, an kawo hanyoyi uku na dakatar da su a Windows 10 da Windows 11, sannan an bambance tsakanin rufe bakin saƙonnin da taƙaita bayanan da kwamfuta ke aikawa kamfanin Microsoft.

1.0 Gabatarwa

Kwamfuta ta zama alƙalami da allon manazarcin Hausa a yau. Da ita yake rubuta kundin digiri, a cikinta yake adana muryoyin mawaƙa da masu ba da tarihi, da ita kuma yake haska maƙalarsa a zauren ƙara wa juna sani. Saboda haka duk abin da zai katse masa aiki a kanta ya cancanci a dube shi. Mai wannan rubutu ya taɓa tsayawa gaban malamai yana gabatar da babi na uku na kundinsa, sai wani saƙo ya fito a kusurwar majigi yana tambayar ko zai ba abokansa shawarar amfani da Windows. Zaure ya ɗauki dariya, zaren bayani ya tsinke, sai da aka koma baya. Wannan ne mafarin rubutun.

2.0 Asalin Saƙonnin

Microsoft ya ƙaddamar da shirin Windows Insider a shekarar 2014, inda masu sa kai ke gwada manhajar tun kafin fitowarta suna faɗin ra'ayinsu. Da Windows 10 ta fito ranar 29 ga Yuli, 2015, al'adar neman ra'ayi ta biyo ta har zuwa kwamfutocin gama-gari. A 2016 aka haɗe wasu manhajoji guda biyu suka zama Feedback Hub, wadda ake buɗewa da maɓallin Windows tare da harafin F. Windows 11, wadda ta fito ranar 5 ga Oktoba, 2021, ta gaji wannan tsari.

Neman ra'ayi a nan iri biyu ne. Akwai wanda mutum ke farawa da kansa idan ya ci karo da matsala, akwai kuma wanda manhajar ke farawa ba tare da an gayyace ta ba. Na biyun ne abin nazarin wannan darasi.

3.0 Hanyoyin Dakatarwa

An bar sunayen wuraren da za a latsa da Ingilishi kamar yadda suke bayyana a fuskar kwamfuta, domin kada mai bin darasin ya yi ɓatan kai.

3.1 Ta Hanyar Saituna

Wannan ita ce mafi sauƙi, kuma ta wadatar da mai kwamfuta ɗaya. A danna maɓallin Windows tare da harafin I domin buɗe saituna. A Windows 10 sai a shiga “Privacy”, a Windows 11 kuwa “Privacy & security”. Daga nan a zaɓi “Diagnostics & feedback”, a gangara zuwa “Feedback frequency”. Za a tarar da zaɓi biyar: manhajar ta yanke wa kanta lokaci, ko a kowane lokaci, ko sau ɗaya a rana, ko sau ɗaya a mako, ko kuma kada ta tambaya sam. A zaɓi na ƙarshen, wato “Never”. Sai dai a lura, wannan sauyi ya tsaya ne ga asusun wanda ya yi shi. Idan mutum uku ke shiga kwamfutar da asusu daban-daban, kowanne sai ya yi nasa.

3.2 Ta Hanyar Ƙa'idojin Rukuni

Wannan hanya ta fi dacewa da mai kula da ɗakin kwamfutoci na sashe ko tsangaya, domin hukuncinta kan hau kan duk wanda ya shiga na'urar. A danna Windows da R, a rubuta gpedit.msc, a latsa Enter. A bi wannan layi: “Computer Configuration”, sai “Administrative Templates”, sai “Windows Components”, sannan “Data Collection and Preview Builds”. A ciki akwai ƙa'ida mai suna “Do not show feedback notifications”. A buɗe ta a zaɓi “Enabled”. A nan mutane da dama kan rikice, domin kunna ƙa'idar shi ne kashe saƙonnin, kasancewar ita kanta ƙa'idar umarni ce ta hani. Wannan edita yana cikin nau'o'in Pro da Enterprise da Education, babu shi a nau'in Home.

3.3 Ta Hanyar Rajista

Rajista ita ce rumbun da Windows ke ajiye saitunanta. A danna Windows da R, a rubuta regedit. A je HKEY_CURRENT_USER\Software\Microsoft\Siuf\Rules. Idan babu waɗannan mazaunai biyu na ƙarshe sai a ƙirƙire su. A ciki a samar da sabuwar ƙima irin DWORD mai suna NumberOfSIUFInPeriod, a bar lambarta a 0. Haƙiƙa wannan ƙimar ce saituna ke rubutawa idan aka bi hanya ta farko. Kuskure a rajista na iya hana kwamfuta tashi, don haka a fitar da kwafin sashen da za a taɓa a adana tukuna. Rigakafi ya fi magani.

4.0 Abin da Dakatarwar Ba Ta Yi

Rufe bakin saƙonnin bai hana kwamfuta aika bayanan lafiyarta ga Microsoft ba. Tambayar ra'ayi tana jiran amsar mutum, bayanan lafiyar na'ura kuwa suna tafiya ba tare da sallama ba. Batun ya taɓa kai wa ga hukumomi: a Yulin 2016 hukumar kare bayanai ta Faransa, CNIL, ta gargaɗi kamfanin a hukumance kan tattara bayanai fiye da kima a Windows 10, ta kuma rufe batun a 2017 bayan an yi gyare-gyare.

A yanzu bayanan sun kasu biyu, na wajibi da na zaɓi. Na wajibi sun ƙunshi irin na'urar da saitunanta da yanayin aikinta, kuma masu Home da Pro ba su da ikon kashe su. Na zaɓi sun fi faɗi, domin sun haɗa da shafukan intanet da aka ziyarta da cikakken rahoton tsayawar manhaja, wanda kan iya ɗauke da guntun fayil ɗin da ake aiki a kansa lokacin da matsalar ta auku. A nan ne abin ya shafi amanar bincike. Manazarcin da ya yi wa mai ba shi bayani alƙawarin sakaya sunansa, wajibi ne ya kashe aika bayanan zaɓi, kuma makunnin yin hakan yana shafi ɗaya da wanda aka ambata a 3.1. A shafin akwai kuma damar duba bayanan da ake aikawa da ta share waɗanda aka tara daga na'urar.

Haka nan, dakatarwar ba ta shafi sanarwar sauran manhajoji ba. Kafin a jona kwamfuta da majigi, yana da kyau a kunna “Focus assist” a Windows 10, ko “Do not disturb” a sababbin zubin Windows 11.

5.0 Kammalawa

Darasin ya nuna cewa mai kwamfuta ɗaya saituna sun ishe shi, mai kula da na'urori da yawa ya bi ta ƙa'idojin rukuni, rajista kuwa a bar ta ga wanda hannunsa ya faɗa. Feedback Hub na nan daram bayan dakatarwar, don haka wanda ya ga, alal misali, haruffan ɓ da ɗ da ƙ suna rikiɗewa a wata manhaja yana iya kai ƙorafinsa a lokacin da ya ga dama. Tun da tallafin Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025, waɗanda suka koma Windows 11 su sake leƙa wannan shafi, su tabbatar zaɓinsu bai sauya ba.