DARASI: MA'ANAR KALMAR "MOHA" DA HAƊARIN RUƊU

 Ya 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na yau a kan wata kalma ce daga harshen Pali, harshen da aka rubuta tsofaffin littattafan addinin Buda da shi. Buda ya rayu a arewacin Indiya kusan ƙarni biyar kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma har yanzu ana karatun Pali a ƙasashe irin su Siri Lanka, Miyanma da Tailan.

Kalmar ita ce "moha", ma'anarta ruɗewa ko dimuwar zuciya. Malamansu sun ce saiwoyin mugun aiki uku ne: "lobha" wato kwaɗayi, "dosa" wato ƙiyayya, sai "moha". A wurinsu kwaɗayi da ƙiyayya ba sa haɗuwa a zuciya a lokaci guda, amma kowanne ya tashi, to moha na tare da shi. Wani malaminsu na ƙarni na 5 Miladiyya, Buddhaghosa, ya siffanta ta da makanta, ya ce aikinta rufe haƙiƙanin abu. Ke nan moha ta wuce rashin sani kawai. Mai ita yana kallon abu a karkace, yana kuma rantsuwa a miƙe yake.

Aƙidarmu ta tauhidi dabam take da tasu, domin koyarwarsu ba ta ginu a kan imani da Mahalicci ba. Sai dai cutar da suka ambata, malamanmu sun san ta. Suna kiran irinta jahilci murakkabi: mutum bai sani ba, kuma bai san bai sani ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekarar 505 Hijiriyya (1111), ya ware babi guda a cikin Ihya'u Ulumiddini don zargin "gururi", wato ruɗuwa. Ya kasa ruɗaɗɗu gida huɗu: malamai, masu ibada, sufaye da masu dukiya. Mu lura, bai fara da mashaya ba, da mu masu zuwa masallaci ya fara.

Kada mu ɗauka wannan zancen littafi ne kurum. A shekarar 1991, a Toda ta yankin Gidan Rumji, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, galibinsu mata da yara. Wace gona ce ta kai farashin ran yaro guda? Fushi ya tashi, ruɗu ya rufe ido, har mutum ya ga maƙwabcinsa Musulmi a matsayin abokin gaba. Wannan hazon ne kuma yake sauka a gidajenmu na Gazawa da Agiye ranar rabon gado, sa'ad da wa zai danne gonar ƙanwarsa yana cewa yana tsare gandun gida ne.

Saboda haka, in labari ya zo mana mu bincika kafin mu tashi. In fushi ya kama mu, mu jinkirta hukunci. Mu riƙa kai al'amuranmu gaban malami mai tsoron Allah, ko da muna ganin mu ne da gaskiya, domin ruɗaɗɗe ba ya jin ruɗunsa a jika.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya tsare mu daga ruɗin zukatanmu. Amin.