Amsoshin Tambayoyinku: Mai Haya Ya Ƙi Biya

Wani mai sauraronmu daga Agege a Legas ya ce ɗan hayarsa ya yi wata 8 bai biya ba, yana tambaya ko zai iya canja kwaɗo ya fitar da kayansa waje.

Malam, kada ka yi haka, ko da gidanka ne. Dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta mai da korar ɗan haya da ƙarfi laifi, hukuncinsa tara har naira 250,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba. Cire rufi ko yi masa barazana don ya tashi, duk a ciki suke.

Duba yarjejeniyarku tukuna. In ba ta ambaci wa'adi ba, mai biyan wata-wata ana ba shi notis na wata 1, mai biyan shekara wata 6. Idan wa'adin ya cika bai tashi ba, ka ƙara masa takardar kwana 7 cewa za ka je kotu. Alƙali ne zai ba da umarnin fita, kuma a nan za ka nemi kuɗinka da suka taru. Ajiye rasit ɗinka da shaidar cewa notis ya isa hannunsa.