Gano Cutar Saba: Kuskuren Kanel Ne Ko Cikar Rumbun Musanya?

Gabatarwa

Saba ita ce kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima dare da rana. Idan ta tsaya, ayyukan banki ko na asibiti kan tsaya tare da ita. Jigon manhajar da ke tafiyar da ita shi ake kira kanel, kuma shi ke raba wa shirye-shirye ƙwaƙwalwar aiki.

Asalin Matsalar

Idan ƙwaƙwalwa ta cika, kanel kan kwashe wasu bayanai ya jibge su a wani sashe na faifai, wato rumbun musanya. Sai dai faifai bai kai ƙwaƙwalwa sauri ba. In kai-kawon ya yawaita, na'ura takan shagala da jigila, aiki ya tsaya cik. Idan rumbun ma ya cika, kanel na Linux yakan kashe shirin da ya fi cin wuri domin ya ceci saura.

Hanyar Bincike

Da farko ma'aikaci zai karanta rahoton kanel da umarnin dmesg. Na biyu, ya auna yawan jigilar da vmstat. Na uku, ya gwada lafiyar ƙwaƙwalwa da Memtest86+. Sai waɗannan sun kuɓuta sannan a tuhumi kanel. Shi ma yakan yi kuskure, domin a daren 30 ga Yuni, 2012, daƙiƙa ɗaya da aka ƙara wa agogon duniya ta rikita sabobin Linux da dama.

Kammalawa

Wanda ya yi gaggawar sake kunna saba kafin ya adana rahoton, ya shafe shaidarsa da hannunsa, cutar kuwa za ta dawo.