Amsoshin Tambayoyinku: Koyon Zana Mutum da Fuska

Wata ɗaliba daga Tsafe, Jihar Zamfara, tana tambaya: yaya mai koyon zane zai ƙware wajen zana mutum da fuskarsa?

To, zanen mutum da awo yake farawa, kuma kai shi ne ma'auni. Tsayin baligi yakan kai kawuna 7 da rabi. A fuska kuwa, idanu suna tsakiyar kai, tazarar da ke tsakaninsu faɗin ido ɗaya ce. Mai zane yakan miƙe hannu riƙe da fensir, ya kanne ido ɗaya, ya auna da babban yatsa.

Bayan awo sai haske da inuwa. Gawayi ma ya wadatar: ana murza shi da yatsa a ƙarƙashin hanci da haɓa, sai fuska ta fito.

Na uku shi ne yawan gwaji. Zana ɗan dako a kasuwar Gusau ko manomi duƙe da fartanya a Bungudu darasi ne babba, in an nemi izininsa.

Mai son zurfafa karatu kuma, akwai sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, garin da su Uche Okeke da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar ɗaliban zane a 1958.